Sallama Biyu a Rigasa

Wata uku Lantana na koya mini,
tun da takardar karatu ta zo daga Koriya.
"Baba, ce annyong-haseyo."
Harshen da ya saba cinikin ƙarfe a Panteka
ya yi tuntuɓe, ta fashe da dariya.
Me yake nufi? Ta ce, "Kana lafiya?"
Ashe gaisuwarmu ce ta sake riga.

Wai in sun damu da mutum
sai su tambaye shi ko ya ci shinkafa.
Uwarta ma haka take, ba wanda ya koya mata.

Kamsa-hamnida, na gode.
Na gwada ta kan mai shayin layinmu,
ya tsaya da ludayi yana kallona.

Sallamarsu kuwa biyu ce:
kaseyo ga mai tafiya,
kyeseyo ga wanda aka bari.

Yau a tashar Rigasa jirgi ya yi kuka,
ta rusuna irin nasu, jaka a kafaɗa.
Na buɗe baki, kyeseyo ta fito.
"Baba, ka yi kuskure, wannan ai zauna lafiya ce."

Ban yi kuskure ba, 'yata.
Amma je ki. Sauka lafiya.