Lamba Sittin da Takwas

Shekara huɗu a filin jami'a,
hannun Wendell Prochaska bai taɓa ƙwallo ba.
Nasa dai ya duƙa, ya kafa kafaɗa,
ya tsaga wa wani yaro
mai gudun barewa hanya.
Jarida ta buga hoton yaron;
gwiwar hannun Wendell ce a gefe.

Yanzu ruwan famfon gunduma
na wuyansa, can Nebraska.
Daren Janairu bututu ya fashe,
ƙanƙara har ƙwauri.
Ya dira ramin da gwiwoyin
da likita ya ɗinke sau uku,
yana zagin sifana.

Da asuba wata tsohuwa
ta murɗa famfo, ta ɗora gahawa,
ba ta san sunan kowa ba.
Shi kuwa yana cikin mota, takalma sharkaf,
yana gatsar burodin jiya.