Hawa na Tara, Bangalor

Ƙarfe biyu da kwata na dare.
Ruwa na dukan titin Hosur,
mu shida muna hawa na tara
da kofunan shayin da suka huce tun goma.

Allon bango ya yi jawur.
Manhajar biyan kuɗin da muka yi shekara uku muna ginawa
ta tsaya cak.
A wani kantin magani, na sani,
wata uwa tana danna waya, tana sake dannawa,
kuɗin sun ƙi tafiya.

Ni na san layin.
Ni na rubuta shi ranar Alhamis,
ina sauri kada jirgin Mysuru ya bar ni.
Waƙafi ɗaya na ajiye inda ba gurbinsa ba,
abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Vasudha ta shigo da lema a karye,
silifas ɗinta na fitar da ruwa a kan kafet.
Ta dubi allon, ta dube mu.
Cikina ya ɗuri ruwa, ina jiran ta ce "Wane ne?"
Sai ta ce, "Ina ne?"
Ta jawo kujera kusa da tawa.

Kafin asuba allon ya koma kore.
Sai waya daga Singafo,
muryar da ba ta taɓa kwana a ofis ba:
"Sunan wa zan rubuta?"
Ta ce, "Nawa.
Ni na sa hannu a kan aikin."
Na ji an yi shiru a can, shirun mai neman wuyan yankawa
da aka miƙa masa wanda ya fi ƙarfin wuƙarsa.

Kada ku ɗauka waliyiya ce.
Tana katse mutum a tsakiyar magana,
ta yi wata shida tana kiran Basavaraj da sunan wani.
A bakin matakala ta tare ni da safe,
ba lallashi, ba dafa kafaɗa:
"Litinin za ka tsaya gaban kowa
ka nuna musu yadda waƙafi ya wuce idanu huɗu.
Ramin za mu cike. Kai kuma ka je ka yi barci."

A shekarar nan ba a ƙara mata albashi ba.
Daga baya na ji, a bakin akawu.
Da aka zo rage ma'aikata ta yi faɗa har muryarta ta dushe,
ta ceci bakwai, huɗu suka tafi.
Ita ta raka su har bakin lif, tana riƙe da kwalin ɗayansu.

Yanzu tana Kodagu tana noman kofi,
ba ta amsa saƙo sai ta ga dama.
Teburinta ya zama nawa,
da mutum arba'in, da kalandar da ba ta da taga.
Rabona da rubuta layi ɗaya da hannuna
tun damina biyu da suka wuce.
Taro nake yi, in fito, in shiga taro,
ina auna mutane da lambobi don Singafo ta gani.

Jiya allon ya sake yin ja.
Tejaswini, wata uku da fara aiki,
ta ƙura wa madannanta ido, yatsunta na rawa.
Ba zan ɓoye ba:
"wane ne" ce ta fara hawowa maƙogwarona,
da zafinta, da daɗinta,
don ni ma akwai wayar da ke jirana.

Na haɗiye ta. Ta yi ɗaci.
Kujerar da na jawo ƙafarta ɗaya na lilo,
na zauna a hankali,
na ce, "Nuna mini. Ina ne?"