Batu na Bakwai

Talatar farko ga wata, ƙarfe shida na yamma,
ruwa a tsibirin Chiloé kamar da bakin ƙwarya.
Ni ce magatakarda, Ercilia Millalonco,
shekara sha tara alƙalamin nan na hannuna.
Na jera kujeru, na hura murhu,
na tara bokiti inda rufi ke yoyo,
yoyon da muka amince a toshe tun bara waccan.

Magajin gari Eliodoro ya shigo yana kakkaɓe hula,
ƙarnin kifi bai saki rigarsa ba.
Kansila biyar sun zo.
Ta shida na asibitin Castro, ta aiko da uzuri.
Adadi ya cika. An buɗe zama.

Na karanta abin da aka faɗa wancan wata,
ba wanda ya shaida muryarsa.
Nibaldo ya rantse bai ce "ɓarna" ba,
"sakaci" ya ce.
Na soke, na gyara. Takarda ba ta fushi.

Sai itacen makaranta: ɗanye aka kawo,
hayaƙi ya fi zafi yawa, yara na ta tari.
Sai karnukan bayan kasuwa,
sha ɗaya a ƙirgar Hortensia,
sha huɗu a ƙirgar mahauci.
Minti arba'in muka yi a kan karnuka uku,
aka naɗa kwamiti ya je ya ƙirga.

Kwalbatin hanyar maƙabarta ya toshe,
har mamaci sai an zagaya da shi ta gonar dankali.
Kowa ya ce abin kunya ne.
Ma'aji ya buɗe littafinsa kamar mai kwance miki,
ya ce bargon gajere ne,
ka rufe kai, ƙafa na waje.
An ɗaga zuwa wata mai zuwa.
Wannan jimlar hannuna ya haddace ta,
ko ina gyangyaɗi zai rubuta.

Batu na bakwai.
A layin baya, kujerar kusa da ƙofa,
Don Baldomero Oyarzo ya miƙe da sandarsa.
Shekara bakwai bai fasa zama ɗaya ba,
kuma maganarsa ɗaya ce tal:
fitila a matsayar kwale-kwale,
inda matakala ke da santsi,
inda ƙaninsa ya zame a duhu ya karya ƙugu.
Takardar kokensa ta yi laushi kamar tsumma.

Bai buɗe baki ba ma'aji ya yi gyaran murya:
an sami rara daga kuɗin fenti,
za ta isa turke ɗaya da ƙwai ɗaya.
Masu goyon baya?
Hannu biyar. Har Nibaldo.

Shiru.
Ɗigon ruwa kaɗai ke magana a bokiti.
Tsohon ya dubi takardarsa, ya dube mu,
kamar wanda ya daɗe yana tura ƙofa
aka buɗe masa ba shiri.
Na ga tambayar a idonsa:
to, Talata mai zuwa fa?

Ya ninke takardar, ya sa a aljihu,
ya kai bakin ƙofa, ya juyo.
"Bencin da ke wurin," in ji shi,
"ƙafarsa ɗaya ta ruɓe."

Magajin gari ya danne dariya da tafin hannu.
"Magatakarda, sa shi a jerin wata mai zuwa."
Na sa.

Takwas da kwata aka tashi.
Na kashe murhu, na zubar da bokiti, na mayar da shi gurbinsa.
Na bi ta bakin ruwa zuwa gida, littafi a hammata.
Matsayar na nan cikin duhunta,
ina laluben matakala da ƙafa,
amma a shafi na ɗari biyu da sha ɗaya,
da rubutuna mai karkata hagu,
an riga an kunna fitila.