Shuni a Bakin Marini

Shekara arba'in hannuna na cikin karofi,
baba ya ci farcena, ya ci zanen tafina,
har Tumba ta daina tambayar asalin launinsu.
Ban taɓa kawowa a rai
wata rana ni za a rina ba.

Daga asuwaki abin ya faro:
in sa shi fari, in zaro shi ja.
Na ce goro ne. Na bar goro, jan bai bar ni ba.
Gishiri da ruwan ɗumi, kanumfari, jiƙon bagaruwa,
na bi su ɗaya-ɗaya kamar mai bin bashi.
Sai turmin hagu ya soma rawa ba kiɗa.
Ige jikata, mai hawa cinya ta ja gemu,
ta koma gaishe ni daga bakin ƙofa.
Hancin yaro bai san kara ba.

Ran Talata na hau mota daga Jega.
Birnin Kebbi, ɗakin haƙori,
kujerar da ke kwantar da dattijo ba shawara.
Likita Hajaru, ba ta kai autana ba,
ta kankare tsatsar shekaru har gumi ya tsattsafo mini.
Ta ce, "Baba Arzika, saura maɓoya,
can ƙasan dasashi inda ƙarfe ba ya kai."

Sai ga shuɗin ruwa a sirinji.
Dariya ta zo, baki na wangale, ba hanyar fita.
Ta ɗiga, ta dubi agogo, ta tsaya.
Wannan jiran na san shi:
mai gaggawar tsamo zane kunya yake tsamowa.

Ta rufe mini ido da baƙin tabarau,
ta kunna jan haske, siriri kamar tsinken tsintsiya,
tana bin gindin haƙora, rami-rami.
Ba zafi, ba ƙauri.
Ta ce ƙwayar cutar da ta sha shuni
ta sa wa kanta shaida,
haske na iso ta, kwananta ya ƙare.

Da na samu bakina na ce,
"Mu kore yake fitowa, iska ke mai da shi shuɗi."
Ta ce, "Nan ma iskar ce ke aikin,
haske zuga ta kawai yake yi.
Amma ba zai bi ka Jega ya goge maka baki ba,
safe da dare, wannan naka ne."

A tasha yaron mota ya dubi leɓena:
"Baba, yau har da baki aka yi rinin?"

Sati shida ke nan.
Turmin bai daina rawa duka ba, ya dai rage kafaɗa.
Asuwaki na fitowa yadda ya shiga.
Jiya ina jiƙa toka a bakin rami
na ji nauyi a cinya,
da ƙananan yatsu cikin gemuna.
Ban ce komai ba.
Na yi numfashi kawai, ba ta kau da kai ba.