Wata Goma Sha Uku

A Braga ruwan sama ba ya sallama,
shi ya sa ban yarda na cikin gida ma ya raina ni ba.
Bara, cikin Afrilu, Albano Seixas ya gyara mini banɗaki:
sabon tayil, sabuwar shawa,
da siririn layin silikon a gindin bango,
fari fat, kamar an ja da alli.
Ya bi shi da ɗan yatsa, ya goge yatsan a wando,
ya miƙo mini takarda mai hatimi:
garanti, wata goma sha biyu.

Na adana ta a gwangwanin biskit,
ƙarƙashin takardun fanshon marigayi.

Wata na goma sha uku,
baƙin ɗigo ya fito a kusurwa kamar ƙwayar masoro.
Sai biyu. Sai jerin gwano.
Layin ya ɗage leɓe, ya rabu da tayil.
Na yi shiru, har ranar da Ermelinda ta hawan ƙasa
ta hauro tana haki, tana riƙe da ƙugu,
ta ce silin ɗinta ya zana taswira
daidai saman gadonta.

Na kira Albano.
Kira na huɗu ya ɗauka, injin yanka tayil na kuka a bayansa.
Na ce, shekara nawa liƙi ke yi?
Ya ce, mai kyau, biyar, wani har goma
in ana buɗe taga.
Na ce, nawa fa?
Ya ce, duba takardarki, layi na tara, ƙananan baƙaƙe.

Na ɗauko tabarau.
Bututu yana ciki. Tayil yana ciki.
Silikon kuwa, wai kayan cinyewa ne,
kamar dugadugin takalmi,
kula da shi na wuyan mai gida.
Ashe ko a wata na biyu ya tsage, bakina alekum.
Na ce, wanda ya ci ladan kuturu ai shi ke yi masa aski.
Ya ce, zai zo, amma da sabon farashi.

Lahadi da hantsi aka ƙwanƙwasa.
Nelo ne, yaron da ke riƙe masa bokiti bara,
yanzu ya yi gashin baki, ya bar wurinsa.
Ermelinda ce ta ba uwarsa labari a layin burodi.
Ya durƙusa, ya sa wuƙa, ya zaro layin gaba ɗaya
kamar mai zare jijiya daga nama.
A ƙarƙashi akwai wani, tsoho, rawaya,
na zamanin mijina.

Ya ce, ranar Juma'a ce, da yamma,
muna da wani aiki a Barcelos.
A kan tsohon muka shafa, bai ma bushe ba.
Ni na riƙe fitila.
Bai ɗago ya dube ni ba.

Ya kankare, ya wanke, ya kunna fanka,
ya zauna a bakin ƙofa awa uku yana jiran bango ya sha iska.
Na ba shi miyar kabeji, ya shanye, ya nemi ƙari.
Sannan ya ja sabon layi a numfashi ɗaya.
Ya ce, kwana biyu kada ruwa ya taɓa shi.

Kwana biyu na yi wanka da kwano a kicin,
ina ɗiba ina zubawa kamar a gidan kakata.

Na ce, rubuta mini wani abu.
Ya ce ba shi da hatimi tukuna.
Ya rubuta lambarsa da fensir a bayan takardar Albano.

Yau wata na ashirin da shida.
Kowace safiya nakan sunkuya, gwiwa na ƙara,
in bi kusurwar da farce.
Tagar a buɗe take, ko ana ruwa.