Tsinken Tsintsiya

Kafin ladanin Gyallesu ya gyara murya
na riga na farka.
Ba don na fi kowa tsoron Allah ba,
har da kwaɗayi a ciki:
tsakanin assalatu da kukan Ukashatu
akwai 'yar rata, faɗin tafin hannu,
a nan nake shimfiɗa tabarmata.

In na sallame, na ja carbi abin da ya sawwaƙa,
sai hannu ya zarce ƙarƙashin matashi.
Shafi biyu. Ran sa'a, uku.
Wata rana layi ɗaya tak,
gawayi ya ce a hura shi,
koko ya ce a dama shi,
takalmin makaranta ya ɓatar da ɗan'uwansa.

Tsinken tsintsiya ne alamata.
Shi ke tsare mini wuri
kamar maƙwabciya a layin famfo.

Littattafaina ba su san kanta ba.
Wannan ya sha manja, wancan ya sha ruwan kwano,
ɗaya Ukashatu ya gwada sabon haƙori a bangonsa.
A Samaru na saye su, bakin titi,
inda Malam Haladu ke baje su a kan buhu.
Na rage nama a cefane, na ƙara kabewa,
ba wanda ya lura, ko kuwa sun yi mini kara.

Ranar Talata shinkafa ta kama.
Ina can cikin kwalekwale da wata mata
wadda ambaliya ta raba da garinsu,
ban ji ƙauri ba sai da ya leƙa zaure.
Dalhatu ya dawo daga shagon ɗinki,
ya kai loma, ya tauna a hankali,
ya ce, "Suwaiba, wannan ƙanzon na wane babi ne?"

Bayan la'asar Iya Barira kan kira ni.
Yana ta rufe mata ido shekara huɗu ke nan,
ita da ta koya wa rabin unguwa ajami.
"Karanta mini, 'yar nan, amma tsallake wurin ƙarya."
Na ce, "Iya, ai duka ƙagagge ne."
Ta yi shiru, ta gyara zaman carbi,
ta ce, "To, karanta duka."
Da magariba na ji ta a kan buzu
tana lissafa 'ya'ya da jikoki,
da masu jinya a Shika,
can ƙarshe ta saka matar kwalekwale:
Allah Ka kai baiwarKa gaci.
Ban gyara mata ba. Amin na ce.

Jiya da dare aka ɗauke wuta,
ruwan Agusta na dukan kwano kamar mai bin bashi.
Na wanke tukunya, na yi shafa'i da wutiri,
na ce yau dai sai na ga ƙarshen tafiyar nan.
Na laluba ƙarƙashin matashi. Wayam.

Can na hango haske cikin gidan sauro,
ɗan mitsitsi, yana rawa.
Lubabatu ce, shekara tara,
ta kifa ciki, tocilan a haƙori,
yatsa na bin layi kamar mai tsintar tsakuwa a wake.
Tsinkena kuwa yana yashe a ƙasa.

Na buɗe baki zan yi faɗa,
mako uku ina lallaɓa wurin nan!
Ta zare tocilan, ta ce,
"Umma, kar ki damu, ta isa gida."

Na tsaya, ruwa na zuba,
haushi da daɗi na kokawa a maƙogwarona.
Ban ce komai ba.
Na sunkuya na ɗauki tsinken,
na karya shi biyu,
na miƙa mata mai tsawon.