Darasi na Uku

Ranar Litinin aka tara mu gindin bedi,
bayan injin matsar gyaɗa ya yi shiru.
Madam Bariratu ta ofishin ma'aikata
ta ɗaga salula sama kamar mai tallar turare,
ta ce daga yau lakwal ta shigo aljihu:
minti bakwai kullum, kowa da wayarsa,
ba allo, ba benci, ba mushe mai bulala.

Na yi dariya a ciki.
Shekara ashirin da shida ina shaƙar tunkuza,
na san tarin injin nan kamar tarin tsohuwata,
wai abin da jikata ke kallon rawa a ciki
shi zai koya mini aiki.

Tawa wayar mai maɓalli ce, da roba na ɗaure ta.
Suka ba ni mai gilashi, bashi, jika biyu duk wata.
Na shafa, ta ƙi.
Na ƙara shafawa, ta ƙi.
Tsahiru, yaron da na koya wa riƙon sufana bara,
ya ce, Baba Nomau, goge hannu tukuna,
ba ta son maiƙo.
Mu kuwa da maiƙon muke cin abinci.

Darasi na ɗaya bisa kabu-kabu ya same ni,
tsakanin Bagalam da bakin kasuwa,
rezo na zuwa yana ɗaukewa kamar ruwan Gulbi.
Muryar mace ce, Hausarta tsaf,
sai dai ita “me” take cewa, mu nan “mi” muka gada.
Na biyu, kuran ya ɗauke, batir ya mutu tsakiyar magana,
sai da na biya mai caji dala ashirin
don in ji ƙarshen zancen takalmi da hular kwano.

Na uku da dare na ji shi, a tsakar gida,
Habsu na kwasar tuwo.
Muryar ta ce: in bel ya cije,
kashe injin, zare makulli, sa shi aljihunka,
ƙirga goma, sannan ka kai hannu.
Ta maimaita. Ƙirga goma.
Na ƙirga da yatsuna,
na tsaya a tara.

Shekara goma sha tara ke nan.
Alhamis ce, ana sauri, motar Damagaram na jiran lodi.
Ba wanda ya ce mini goma,
ba wanda ya ce mini ko ɗaya.
Wanda ya koya mini aiki da ido ya koya mini,
shi ma da ido aka koya masa,
ido kuwa sai abu ya faru yake ba da labari.

Habsu ta ce tuwo na hucewa.
Na ce bari.
Na danna, muryar ta koma farko.

Kada a ce na ce waya ta fi ni sani.
Ba ta san kukan injin in gyaɗa ba ta bushe ba,
ba ta san warin bel kafin ya ƙone ba.
Na gaya wa Madam, ta rubuta, ta ce za a duba.
Har yau ana dubawa.
Tambayoyin ƙarshen mako shida na ci cikin goma,
Tsahiru ya cinye duka, yana ta washe baki.

Jiya bel ya cije a layinsa.
Ina nesa, buhu a kai,
bakina ya buɗe, kira ya ƙi fita.
Na ga ya kashe, ya zare makulli, ya jefa aljihu,
leɓensa na motsi.
Ya ɗan yi sauri wajen bakwai da takwas,
halin yaro.
Na sauke buhu,
na tsaya har ya kai goma.